Kaya iri ɗaya, farashi daban daga ƙasa zuwa ƙasa: harajin ne ko wani abu ne?

Maman Ilham (Hanwa):
Assalamu alaikum jama'ar gida, ya ibada ya iyali. Dan Allah masana ku taimaka min da wata tambaya da ta daɗe tana damuna. Ni dai sana'ata sayar da abaya da turaruka ne a cikin gida, kayan daga Dubai da Saudiyya ake kawo min ta hannun yayata da ke Kano. Kullum masu saye sai sun ce mun cika tsada, wai sun ga irin abayar nan a Makka lokacin Umara ba ta kai haka ba, ni kuma wlh ribar da nake ɗorawa ba ta taka kara ta karya ba. Ina jin ana cewa haraji ne ya jawo, to amma ƙanwar maigidana da ke Ingila ta ce su can kashi 20 cikin 100 suke biya na VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayayya, mu nan 7.5 ne kacal. In dai haraji ne ai mu ya kamata mu fi kowa araha ko? Ya aka yi mai biyan kaɗan shi kaya ke wa tsada?

Mai Waya PZ:
Wa alaikumussalam Hajiya, wallahi tambayan nan naki shi nake fama da shi kullum a shago. Yaro zai zo ya nuna maka farashin wayan a intanet yace ga shi Amurka dala kaza ne, ya buga lissafi da canjin yau yace ka zalunce shi, kai kuma ka san nawa ka saro a Legas ko Farm Centre, kayi bayani har ka gaji bai yarda ba

Anti Nas (Ingila):
Slm 'yan uwa na Zazzau, ina kewar gida. @Mai Waya PZ ƙanena ka riƙa gaya musu farashin da suke gani na Amurka babu haraji a ciki. Su can ba su da VAT na ƙasa baki ɗaya, yawancin jihohi da nasu harajin sayayya, kuma sai ka je wurin biya ake ƙara maka shi a kan abin da aka rubuta. Kalifoniya daga 7.25 yake farawa, wasu jihohin kamar Oregon da Delaware babu ma sam. Mu nan Ingila abin da aka rubuta a jikin kaya shi za ka biya, harajin na ciki tuntuni. Misali iPhone 16 da ya fito a 2024, an tallata shi dala 799 a Amurka, nan kuma fam 799, alhali fam ɗaya a lokacin wajen dala 1.3 ne. Mutum zai ga kamar an cuci 'yan Ingila sosai, amma in ka cire VAT ɗin kuɗin wayar ya dawo kusan fam 666, tazarar ta ragu ƙwarai. To kai da wayarka ta biyo jirgi, ta biya fito, ta bi hannu uku kafin ta iso PZ, ba yadda za ai ta zo daidai da ta Amurka.

Malamin Kongo:
Maman Ilham kin yi tambaya mai kyau, kuma abin da kika lura da shi gaskiya ne, VAT ɗinmu yana cikin mafi ƙanƙanta. An fara karɓarsa a Najeriya a 1994 a kan kashi 5, ya zauna a haka har watan Fabrairun 2020 da aka mai da shi 7.5. Maƙwabtanmu duk sun fi mu: Nijar 19, Binin 18, Kamaru 19 da ɗoriya. Saudiyyar da kike saro kaya ba su san VAT ba sai 2018 da suka fara da kashi 5, a tsakiyar 2020 lokacin korona suka ninka shi uku ya koma 15. Dubai har yanzu 5 ne. A Turai akwai masu 25 irin su Sweden da Denmark, Hungary ma 27.
Sai dai VAT shi ne harajin da ake rubuta miki a rasit, shi ya sa shi kowa ya sani. Wanda ya fi cin kuɗi a kayan waje ba kya ganinsa, an riga an biya a tashar jirgin ruwa ko filin jirgi tun kafin kayan su zo Kano, ya narke a cikin farashin sari. Akwai mai aikin fito da kaya a gidan nan, shi zai fi ni bayani.

Baban Sadiq:
Allah gafarta Malam ka taɓo inda nake. Bari in ɗan yi tsawo kuyi haƙuri.
Kaya in ya sauka tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas, abu na farko ana haɗa kuɗin kayan da kuɗin jirgi da inshora, a kan wannan jimlar ake lissafin fito. Tsarin fiton na ECOWAS ne tun 2015, mataki biyar ne: 0, 5, 10, 20, da 35 cikin 100. Kayan da aka gama ƙerawa irin tufafi da takalma galibi can sama suke faɗawa, injina da ɗanyen kaya na masana'antu su ne a ƙasa. Wasu kayan kuma gwamnati na ƙara musu wani haraji na daban a kan fiton dan a hana shigo da su. Bayan nan ga ƙananan caji na tasha da na ECOWAS, sannan a ƙarshe a ɗora VAT, kuma VAT ɗin ba a kan kuɗin kayan kaɗai ba, a kan kuɗin kaya da fiton da cajin gaba ɗaya, wato har harajin ma ana biya masa haraji.
Amma babban abin da ya karya mutane shekarun nan ba ƙarin kaso ba ne, canjin da ake lissafi da shi ne. A ce kayanki na dala 10,000 ne, fito kashi 20, dala 2,000 kenan. Farkon 2023 da dalar gwamnati take wajen naira 460, naira 920,000 za ki biya. Da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta tafi har ta kai 1,500, wannan dala 2,000 ɗin ta zama naira miliyan 3. Ba wanda ya sanar da ƙarin haraji, kaso 20 ɗin yana nan yadda yake, amma abin da ke fita aljihu ya ninka uku da wani abu. Ga kuma kuɗin ajiya in kwantena ta kwana a tasha, kowace rana ƙaruwa yake, duk wannan mai kaya ba zai cinye shi a ransa ba, a kan kowace abaya zai raba shi.

Maman Ilham (Hanwa):
Ikon Allah. Baban Sadiq na gode, wlh ban taɓa sanin har fiton ma da dala ake auna shi ba. To su Saudiyya me ya sa nasu baya tashi haka?

Baban Sadiq:
Hajiya kuɗinsu a ɗaure yake da dala. Riyal 3.75 dala ɗaya tun 1986, dirhamin Dubai ma 3.67 shekara da shekaru. Abayar da take riyal 100 bara tana iya zama riyal 100 bana, a wurinsu ba abin da ya canza, ke ce riyal ɗin ya yi miki tsada. Masu ce miki sun ganta da araha a Makka ki tambaye su wace shekara suka je, nawa aka canza musu riyal a lokacin.

Ɗan Samaru:
Ni fa ina ganin ana ɗora wa dala laifin da ba nata ba. Tumatir da albasa da masara da ake nomawa nan Giwa da Soba da Makarfi dala ce ta noma su? Babu fito babu VAT tunda kayan abinci an cire musu VAT, amma ku je kasuwar Samaru ku tambayi tiya. 'Yan kasuwarmu ma akwai rashin tsoron Allah, in dala ta hau su ƙara in ta sauka su yi shiru

Direban Kwangila:
Ɗan Samaru kai yaro ne mai karatu amma zo ka hau gaban mota mu je Legas sau ɗaya ka gani da idonka. Tumatirin da kake magana daga nan zuwa Mile 12 kilomita sama da 800 ne, man gas kawai ya isa ya cinye rabin kuɗin lodi, taya ta waje ce, batir na waje, bakin mai da kayan gyara duk da dala aka kawo su. Sannan ga abin da ba a rubuta a littafin kowa ba, shinge bayan shinge, wannan yace kuɗin jiha, wancan na ƙaramar hukuma, wani rasit ɗin kayan gona, wani na lodi, wani sitika, wani ma ba rasit ba komai sanda ce kawai a hannunsa da ƙusoshi a kan titi. In ka tsaya gardama kaya na ruɓewa a bayanka rana na dukansu, dole ka miƙa ka wuce. Wannan ma ai haraji ne, bambancin kawai baya zuwa asusun kowa. Mu direbobi mun sani motan da ta ɗauko kaya daga Zariya kafin ta sauke, abin da aka rabar a hanya ya isa albashin wani

Alhaji Manomi (Maigana):
Direba ya faɗi gaskiya, kuma bari in ƙara abin da mutanen gari ba sa lura. Wannan kuɗin hanyar ba kullum mai saye ke biya ba, sau da yawa mu ake dawo wa da shi. Dillali in ya zo gona ya riga ya cire kuɗin mota da na shingaye a ransa kafin ya yi maka tayi, kai kuma tumatir ba ya jiran gobe, ko ka sayar ko ka zubar. Mai siminti ko mai sukari zai iya kulle sito ya jira farashi, ni ba zan iya ba. Taki kuwa, yuriya ana yinta a ƙasar nan amma sinadaran NPK wasu daga waje ake kawowa, fosfet daga Maroko, shi ya sa lokacin shirin takin gwamnati na 2017 buhu naira 5,500 ne, yau kowa ya san inda yake. Maganin feshi da iri da man injin ban-ruwa duk sun bi dala. Dan haka ɗana Ɗan Samaru, dala ta yi noma tare da mu.

Malamin Kongo:
Abin da Alhaji ya faɗa shi ne abin da muke koyarwa a aji, sai dai shi ya fi mu faɗarsa a sarari. Wanda doka ta ce ya biya haraji daban, wanda nauyin ke sauka kansa daban. Nauyin yana sauka ne kan wanda ba shi da mafita. In kaya ne da dole ka saya, kamar magani ko mai, ɗan kasuwa zai ɗora maka duka. In kuma mai sayarwa ne ba shi da zaɓi, kamar mai ɗanyen kaya, shi zai sha.
Ɗan Samaru ma bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Inda masu kaya 'yan kaɗan ne, ba gasa, farashi na saurin hawa ya yi nawar sauka, wannan a ko'ina haka yake. Amma wani lokacin ɗan kasuwar da tsohuwar dala mai tsada ya saro, sai ya sayar da na hannu kafin ya iya ragewa.

Ɗan Samaru:
Na ji Malam, na ji Baba Alhaji. To amma ga wani abu da ya ɗaure min kai, akwai kayan da mu ne ma ake wa sauƙi. Netflix da Spotify kuɗin da ake biya a Najeriya bai kai na Ingila ko kusa ba, littattafan injiniyanci da na likitanci da muke saya bugun Indiya sun fi bugun Amurka araha nesa ba kusa ba alhali rubutu ɗaya ne. Wannan kuma wane haraji ne ya rage?

Malamin Kongo:
Ba haraji ba ne, dabarar kamfani ce. Kaya ne da ƙarin mutum ɗaya baya ƙara musu kashe kuɗi sosai, sai su duba aljihun mutanen kowace ƙasa su sa farashin da za a iya biya, gara su karɓi kaɗan da su rasa duka. Shi ya sa ake rubutawa a bangon littafin cewa ba a yarda a sayar da shi a wajen ƙasashe kaza ba, suna tsoron a kwashe mai arahar a kai inda suke sayarwa da tsada. Waya da mota ba za su yi maka haka ba dan kowace ɗaya da kuɗi aka ƙera ta, kuma da sun rage a nan gobe za a kwashe a kai Dubai. Af, kuma tun farkon 2022 kamfanonin waje irin su Facebook suna karɓar VAT 7.5 a kan talla daga 'yan Najeriya, masu tallata kaya a nan gidan sun sani.

Anti Nas (Ingila):
Bari in dawo kan maganar Maman Ilham ta farko dan kar a ɗauka nan komai araha ne. Kashi 20 ɗin ba a kan komai yake ba, yawancin abincin da za ki saya ki dafa a gida babu VAT, kayan yara babu, littattafai babu. Amma fetur fa? Kowace lita akwai harajin mai na kusan fene 53, sannan a ɗora VAT a kai, rabin kuɗin lita ko fiye gwamnati ce ke ɗauka. Albashi kuma tun kafin ya shigo an cire, in ka wuce fam 12,570 a shekara kashi 20 ne, in ka haura 50,270 abin da ya hau kai kashi 40, ga inshorar ƙasa, ga harajin gunduma na gidan da kake ciki ko da haya kake. Haya kuwa kar ma ayi magana, ɗaki ɗaya na iya cinye rabin albashi. Aski, ɗinki, gyaran famfo, kitso, duk abin da hannun mutum ke yi tsadarsa ta wuce misali, ni kitso sai in haɗa da wata 'yar uwa mu yi wa juna. A Tudun Wada tela zai miki ɗinki mai kyau da kuɗin da nan ko zif ba za a sa miki ba.
Abin da ya bambanta shi ne awa nawa za ki yi aiki kafin ki sayi abu. Mafi ƙarancin albashi nan a Afrilun 2025 an mai da shi fam 12.21 a awa ɗaya. A gida naira 70,000 ne a wata tun 2024, wasu ma ba sa samun hakan. Mai shara a asibitinmu zai iya sayen waccan wayar da aikin sati biyu, a gida mai ƙaramin albashi ko ya tara na shekara cur bai ci bai sha ba da ƙyar ya kai. Kuma harajin da nake biya ina ganinsa, ba na sayen janareta, ba na haƙa rijiyar burtsatse, ganin likita kyauta, magani a Ingila fam 9.90 ne kowane iri in likita ya rubuta, yara da tsofaffi ba sa biya. Yana min ciwo duk wata in ga abin da aka cire, amma in na tuna Mama a gida da kuɗin asibiti sai jikina ya yi sanyi.

Mai Kemis (Shika):
Anti kin taɓo magani. Magani babu VAT a Najeriya amma ku dubi yadda ya yi tun 2023. Yawancinsa daga Indiya da Sin yake zuwa, wanda ake haɗawa a gida ma sinadarin daga can ne. Kamfanin magani na GSK suka sanar da rufe harkarsu ta kai tsaye a watan Agustan 2023, abin shaƙa na masu asma da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka yi tashin gwauron zabi. A 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a cire fito da VAT a kan kayan haɗa magani, an ɗan samu sauƙi a wasu amma masana'anta na biyan wuta, tun Afrilun 2024 'yan Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, suka tashi daga wajen naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, ga ruwan banki da Babban Banki ya kai kashi 27.5 a ƙarshen shekarar. Kullum ina ganin mutum ya fito daga asibiti da takarda mai magani huɗu yace in ba shi biyu, in zaɓa masa waɗanda suka fi muhimmanci. Wlh abin na tsaya min a rai

Baba na Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum 'ya'yana, jikata ce ke rubuta min. Ina jin ku tun ɗazu. Mu mun ga zamanin da haraji ido da ido ne, mai unguwa da dagaci su bi gida gida, kowane baligi da kuɗin kansa, Fulani da jangalin shanunsu, wanda bai biya ba ya san abin da zai same shi, wasu har gari suke bari su tafi cirani dan neman kuɗin haraji. Da Balarabe Musa ya hau gwamnan Kaduna a 1979 ya soke haraji da jangali, Rimi ma ya yi haka a Kano, talakawa sun yi murna ƙwarai. Amma abin da nake so ku lura, a wancan lokacin mutum ya san nawa ya biya kuma ya san hannun wa ya ba, shi ya sa har ya iya tsayawa ya ce an zalunce shi. Yanzu ana karɓa a cikin kuɗin sabulu da katin waya da naira 50 ɗin da ake cirewa in ka tura kuɗi, mutum na biya kullum yana cewa shi baya biyan haraji, to wanda bai san ya biya ba ta ina zai tambayi me aka yi da shi? Ku masu ilimi ku riƙa wayar wa mutane da kai a kan wannan.

Malamin Kongo:
Allah ya ƙara lafiya Baba, mun ji kuma za mu yi in sha Allahu. Tunda Baba ya kawo wannan, sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 da suka fara aiki Janairun 2026, VAT an bar shi a 7.5 duk da an so ƙarawa da farko, wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba babu harajin albashi a kansa, rabon VAT kuma ya koma tarayya 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Kun tuna gwamnonin Arewa sun ja da tsarin rabon a ƙarshen 2024 kafin a daidaita. Ma'ana mafi yawan VAT ɗin da kuke biya jiha da ƙaramar hukuma yake dawowa, nan kusa da ku, ba Abuja ba.

Mai Waya PZ:
Toh ni abin da ban gane ba shinkafa. Ta yaya shinkafan da aka noma a Tailan, ya hau jirgin ruwa, ya sauka Kwatano, ya biyo daji a kan babur, ya zo kasuwan Sabon Gari kuma wani lokacin ya yi kunnen doki da namu na gida ko ma ya fi shi sauƙi?

Baban Sadiq:
Wannan ai shi ne babban misalin abin da bambancin haraji ke yi. Najeriya ta ɗora wa shinkafar waje fito mai nauyi dan a kare manoma, a 2013 har kashi 110 aka kai, daga baya aka sauko wajen 60 zuwa 70. Binin kuma nasu ɗan kaɗan ne. Sai ga ƙasar da mutanenta ba su kai na jihar Kano ba ta shiga sahun gaba a masu sayen shinkafar Tailan, kuma irin turararriyar da mu muke ci, kowa ya san ba su ke cinye ta ba. Kaya kamar ruwa ne, gangare yake bi, in akwai tazara tsakanin farashin can da na nan sai an samu mai ɗaukowa komai tsaron boda. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, abin ya ragu amma farashi ya hau.
Fetur kuma a da juyin wannan ne, namu ne mai araha saboda tallafi, ana kwasa ta Jibiya da Illela da Maigatari zuwa Nijar, ta kudu zuwa Binin da Kamaru. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa sama da 500 har ta haura 1,000 a 2024, ribar 'yan bumburutun ƙetare ta ragu, Nijar ɗin da ke da matatarta a Damagaram ta shiga layin mai a farkon 2025. Hatsi ma haka, sefa a ɗaure take da yuro, da naira ta faɗi jikka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, da a da ba ta kai naira 1,000 ba ta haura 2,000, mutumin Maraɗi ya zo Dawanau ya ga masara da gero kamar kyauta, tireloli suka riƙa fita, mu kuma a nan tiya ta gagara.

Maman Ilham (Hanwa):
To ni a matsayina na uwa gaskiya in cire fiton zai sa shinkafa ta sauko gara a cire. Lokacin da aka ba da damar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba fito na kwana 150 a 2024 ai daga baya mun ga sauƙi a kasuwa, gidaje da yawa da suka koma ci sau ɗaya sun ɗan farfaɗo. Alhaji kayi haƙuri ba wai ban damu da manoma ba ne, mahaifina ma manomi ne, amma yaro in yana kukan yunwa ba za ka ce masa ya jira masana'antu su ginu ba

Alhaji Manomi (Maigana):
Hajiya ba komai, ni ma ina da 'ya'ya da jikoki, kuma ni ma ina sayen abin da ban noma ba. Amma sauƙin nan da kika gani daga jikinmu aka yanko shi. Mun sayi taki da tsada, mun yi haya ta tarakta da tsada, lebura da tsada, kaka ta yi masara ta faɗi warwas, akwai waɗanda suka sayar da buhu biyu har uku kafin su biya bashin buhun taki ɗaya. Manomin Tailan da na Indiya gwamnatinsu na tallafa musu, ga ruwa ga wuta ga hanya, suna noma sau biyu sau uku a shekara, ni da nake sayen fetur in ja ruwa daga rafi ba zan iya gasa da su ba in an buɗe ƙofa gaba ɗaya. In za a cire wa shinkafar waje fito to a fara cire shingayen da Direba ya lissafa, a saukar da taki, a gyara madatsun ruwa irin na Galma, wlh in aka yi haka ni da kaina zan sayar miki da araha kuma in ci riba.

Ɗan Samaru:
Baba Alhaji to bana me za ku shuka kenan?

Alhaji Manomi (Maigana):
Masara dai na rage ta, iya ta ci a gida da ɗan abin zakka zan yi. Sauran gonar waken suya zan zuba da ɗan barkono, su ba sa cin taki kamar masara. Maƙwabtana da yawa ma shawarar da suka yanke kenan, wasu kuma sun ba da gonakin jingina sun tafi Kaduna neman aikin gini.